Muhawara: Da wace hujja ake kiran waɗannan gine-ginen Maya fada?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana da ke cikinmu su taimaka mini da wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun da na fara bibiyar aikin masu tonon kayan tarihi a kufan biranen Maya, wato al'ummar da ta yi zamani a kudancin Meziko da Gwatemala da Beliz da yammacin Honduras, wadda jikokinta miliyoyi ne a yau, suna magana da harsuna kusan 30. Ban da dalolin ibada masu tsini da kowa ya saba gani a hoto, kowane babban birninsu yana da wasu dogayen gine-gine na dutse, ɗakuna a jere, suna kewaye da tsakar gida. A tsakiyar birnin Tikal da ke Gwatemala akwai irinsu fiye da 40 a cunkushe kewaye da tsakar gida 6. A birnin Sayil da ke Meziko akwai guda mai hawa 3 da ɗakuna sama da 90. A shekarar 2019 hukumar kula da kayan tarihi ta Meziko ta ba da sanarwar tono wani a Kulubá, cikin jihar Yucatán, mai tsawon mita 55. Duk ana kiran su fada, kuma sunan ya zauna musu tun kafin a sa cebur a ko ɗaya daga cikinsu, domin baƙin da suka fara ganin su ne suka raɗa shi. Ni kuwa idan na dubi hotunan cikin ɗakunan sai in ga ƙuntatattu ne, masu duhu, babu taga ta kirki, ga raɓa a bango. Da wace hujja za a ce sarki da iyalinsa sun kwana a ciki? Me ya hana su zama rumbun ajiya, ko makaranta, ko masaukin masu hidimar ibada?

Malama Sa'adatu:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Tambayarka ita ce ainihin tambayar da Peter Harrison ya shafe shekaru yana bi lokacin da ya tona wannan rukunin gine-gine na tsakiyar Tikal a shekarun 1960, ƙarƙashin aikin Jami'ar Pennsylvania. Abin da ya fara yi shi ne daina kallon rukunin a matsayin abu guda, ya koma yana duba kowane gini da siffarsa. A wasu ɗakuna akwai faffaɗan dakali da aka gina a lungu, nesa da ƙofa, wanda mutum zai iya miƙewa a kai. A wasu kuma dakalin yana fuskantar ƙofa kai tsaye, har da majingina, yadda wanda ke zaune zai ga duk mai shigowa, shi ma a gan shi daga tsakar gida. A gefen ƙofofi da yawa akwai 'yan ramuka da maƙalai a jikin bango inda ake ɗaura igiyar labule, kuma daga ciki ake ɗaurawa, alamar cewa na ciki ne ke da ikon rufewa. Daga nan ya fahimci cewa wasu gine-ginen na kwana ne, wasu na karɓar baƙi, wasu kuwa na wata hidima dabam.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga ginin da suka ba lamba 5D-46. A ƙarƙashin matakalarsa an tarar da wata tukunya mai murfi da aka binne lokacin ƙaddamar da ginin, kuma rubutun jikinta ya ambaci gidan sarki Chak Tok Ich'aak, wanda ya mutu a shekarar 378. Kalmar da suka rubuta ita ce wadda ke nufin mazauni a harshensu. Al'adar Maya ita ce su binne tsohon gini su ɗora sabo a kansa, amma wannan gidan sai aka bar shi a tsaye ɗaruruwan shekaru, ana ƙara masa ɗakuna a gefe ba tare da an rufe shi ba.

Nura:
Malama, a gafarce ni, ni ɗalibi ne, amma ina ganin tukunya ɗaya ta yi magana ne a kan gini ɗaya, saura fiye da 40 kuma suna nan shiru. Dakali a lungu yana iya zama wurin ɗora kaya. Ashe ba a sami tukwanen girki da tabarmi da sauran tarkacen zaman gida a cikin ɗakunan ba? In an samu, ai magana ta ƙare. In ba a samu ba kuwa, hasashe ne kawai ake yi.

Malama Sa'adatu:
Ka taɓa inda matsalar take, Nura. Mutanen da ke zaune a waɗannan gidaje masu shara ne, daɓensu na farar ƙasa ne mai santsi, kuma yawancin biranen a hankali aka watse daga cikinsu, kowa ya kwashe abin da zai iya ɗauka. Abin da ya fi wannan rikitarwa shi ne, bayan sarauta ta rushe a Tikal a ƙarshen ƙarni na 9, wasu mutane sun shiga ɗakunan sun zauna, suna zubar da shara a cikin wasu har ta yi tudu. Mai tono da bai yi hattara ba zai ɗauki jujin waɗannan na baya ya jingina wa sarakuna. Shi ya sa Aguateca take da daraja a wannan fanni fiye da girmanta.

Aguateca ƙaramin birni ne a yankin Petexbatún na Gwatemala, a kan wani tsauni mai gangare a tsaye, kuma wani tsagin dutse mai zurfi ya ratsa tsakiyarsa. A ƙarshen zamanin birnin mutanensa sun kewaye shi da ganuwa bayan ganuwa, amma duk da haka abokan gaba suka ci shi wajen shekarar 810, suka cinna wa tsakiyarsa wuta. Takeshi Inomata da Daniela Triadan da abokan aikinsu na Gwatemala sun tona gidajen manya da ke bakin hanyar shiga fada tun daga shekarun 1990, suka tarar da kaya a inda masu su suka bar su, rufi ya rufto ya danne. Galibin gidajen ɗaki uku ne a jere. Na tsakiya yana da dakali mai fuskantar ƙofa, da 'yan kwanukan ci da sha masu kyau, kuma kayansa ba su da yawa, kamar dai wurin da ake zama da baƙi. A ɗaya daga cikin ɗakunan gefe akwai manyan tuluna na ajiya, da dutsen niƙa, da gululun kaɗi, da allurai na ƙashi. A ɗaya gefen kuma kayan sana'ar maigidan ne. A gidan da suka kira gidan marubuci an sami 'yan turame na niƙa launi da ɓawon katantanwar teku da aka raba biyu ana zuba tawada. A wani gidan an sami ɗaruruwan gutsattsarin wani ma'adini mai ƙyalli da ake jerawa a yi madubi, tare da wani ado na farin dutse irin wanda sarki ke ɗaurawa a goshi. A wani kuma tarin ƙananan gatura ne na koren dutse, waɗanda Kazuo Aoyama ya duba bakinsu da madubin ƙara girma, ya ga alamar cewa dutse aka sassaƙa da su.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, waɗannan manyan fadawa ba zaune suke kawai ana yi musu fifita ba. Da hannunsu suke rubutu da sassaƙa da haɗa kayan sarauta, a cikin gidan da matansu ke niƙa masara.

Hajiya Rabi:
Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Da kika ambaci gululu sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, wadda ke ajiye mazarinta da alli a cikin wani ɗan kwando a ƙarƙashin gado, kuma ko bayan rasuwarta duk wanda ya shiga ɗakin ya ga kwandon ya san ɗakin wace ce. Saboda haka na yarda kaya suna faɗin mai su. Sai dai ina da tambaya. Mu a nan mace ke kaɗi, namiji ke saƙa a masaƙar gargajiya ta ɗan bakin zane, ga kuma wasu ƙasashe inda abin ya sha bamban. Da me aka tabbatar cewa a wurin Maya gululu da dutsen niƙa na mata ne? Kada a ce masu binciken sun ɗauki abin da suka saba gani a gidajensu sun ɗora wa mutanen da.

Malama Sa'adatu:
Hajiya, wannan tsoron yana kan hanya, kuma su kansu masu binciken sun yi ta jayayya a kai. Abin da suka dogara da shi shi ne hotunan da Maya suka yi wa kansu. Akwai 'yan mutum-mutumin yumɓu, musamman na tsibirin Jaina, da ke nuna mace zaune da masaƙar da ake ɗaura gefe ɗaya a ƙugu, ɗaya gefen a jikin itace, akwai kuma zanen mata suna niƙa a jikin tukwane. Bayanan da Sifaniyawa suka rubuta a ƙarni na 16 sun nuna haka, kuma har gobe matan Maya a tsaunukan Gwatemala da Chiapas da irin wannan masaƙa suke aiki. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne ɗaya ɓangaren, wato ɗaukar cewa duk kayan rubutu da sassaƙa na maza ne. A Aguateca an ga alamun aikin sana'a har a ɓangaren da ake girki, wanda ke nuna cewa matan gidan suna da hannu a wasu matakan aikin.

Alhaji Ɗanlami:
Ni magini ne, shekarata fiye da 30 ina wannan sana'a, kuma ina so in amsa wa Malam Habu maganar ƙuncin ɗaki, domin na daɗe ina nazarin hotunan rufin nan nasu. Ba baka ba ne irin wanda duwatsu ke tokare juna har na tsakiya ya kulle su, kuma ba irin bakan gizon da magabatanmu ke ɗaurawa da azara ba ne. Su suna ɗaga bango biyu masu kauri, sannan kowane layin dutse ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, har bangon biyu su kusa haɗuwa a sama, a rufe da faffaɗan dutse. Abin da ke riƙe shi shi ne nauyin cikon da ke bayansa da kwaɓin farar ƙasa da ya daskare ya zama kamar dutse guda. Duk magini ya san irin wannan rufi ba zai ba ka faɗi ba. Da wuya ɗaki ya wuce mita 3, kuma in kana son ƙarin faɗi sai ka ƙara tsawo da kaurin bango, har ya zama dutsen da ka kashe ya fi sararin da ka samu.

To amma wanda ya ce ba za a zauna a irin wannan ɗaki ba, ya manta cewa a ƙasar zafi ɗaki na kwana ne da ajiya da fakewa daga ruwa. Rayuwa a tsakar gida take. Su ma tsakar gidansu daɓaɓɓe ne da farar ƙasa, an karkata shi yadda ruwan sama zai gangara zuwa tafki, kuma babu shakka akwai rumfuna na itace da ciyawa da suka ruɓe ba su bar komai ba sai ramin dirka. Ina ganin kuskure ne a auna fada da cikin ɗakunanta kawai. Sannan a lura da tsadar abin. Farar ƙasa sai an ƙona dutse da ɗimbin itace kafin a same ta, kuma shafe ba a yin sa sau ɗaya a huta, sai an riƙa sabuntawa. Gidan da aka yi wa rufin dutse da shafe ciki da waje, ko ba a sami rubutu a ciki ba, ya riga ya faɗa maka cewa mai shi yana da ikon tara ma'aikata.

Malam Isuhu:
Alhaji, ranka ya daɗe, bayaninka ya sa na fahimci abin da maginan birnin Palenque da ke kudancin Meziko suka yi. Su sun jera rufi biyu gefe da gefe a kan bango ɗaya na tsakiya, kowanne yana tokare ɗan'uwansa, suka kuma rage nauyin sama da huda ramuka a jikinsa, sai bangon waje ya samu damar zama ginshiƙai da ƙofofi masu faɗi. Shi ya sa fadar Palenque ta fi ta Tikal haske da iska nesa ba kusa ba.

A can ma rubutu ya taimaka ƙwarai. Ginin da ake kira Gida E, sarki K'inich Janaab Pakal ne ya ƙaddamar da shi a shekarar 654, shi da ya hau mulki a 615 yana ɗan shekara 12 ya kuma rasu a 683. Sunan ginin a rubuce yake, Sak Nuk Naah, kuma kalmar farko tana nufin fari. Da aka duba bangonsa sai aka ga lallai fari aka shafa masa, aka zana furanni a jere, alhali sauran gine-ginen fadar ja ne. A cikinsa akwai wani allon dutse mai siffar ƙwai a manne da bango, yana nuna Pakal zaune a kan karaga mai kawunan damisa biyu, mahaifiyarsa Sak K'uk' tana miƙa masa hular sarauta. A ƙarƙashin allon aka ajiye karagar dutse, kuma rubuce-rubucen baya sun nuna cewa a wannan ɗaki aka naɗa sarakunan da suka gaje shi. Wannan kam ba ɗakin kwana ba ne, zauren naɗi ne. A tsakar gidan gabas kuma an jera manyan duwatsu da aka sassaƙa fursunonin yaƙi a jikinsu a gefen matakala, yadda baƙon da aka shigo da shi zai gan su kafin ya ga sarki. A wani sashen an sami makewayi da magudanar ruwa da ɗakin wankan tururi, ga kuma rafin Otolum da aka bi da shi ta cikin rufaffiyar hanya ta dutse a gefen fadar. Wurin da aka tanadi makewayi, mutane suna daɗewa a cikinsa.

Malam Habu:
Na gode, Malam Isuhu. Ke nan a cikin abin da muke kira fada da suna ɗaya akwai zauren naɗi, akwai dandalin nuna ƙarfi, akwai wurin kwana. Wannan ya rage mini shakka, ko da yake ya ƙara mini wata: idan kalma ɗaya ta rufe abubuwa da yawa haka, ashe ba ta ɓoye mana bambancin da ke tsakanin birni da birni ba?

Nura:
Ni abin da ke damuna ya wuce suna. Shekara fiye da ɗari ana kashe kuɗi a tona gidajen sarakuna, alhali mutanen da suka fasa dutsen, suka ƙona farar ƙasar da Alhaji ya ambata, suka ɗauko ruwa, su ne mafi yawa. Binciken da aka yi daga jirgin sama da hasken leza a arewacin Gwatemala, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya nuna gine-gine fiye da 60,000 a faɗin murabba'in kilomita kusan 2,100, kuma mafi yawansu tudun gidajen talakawa ne. Me ya sa za mu ci gaba da zama a ƙofar fada?

Malam Isuhu:
Ƙanena Nura, ƙorafinka gaskiya ne a kan aikin da aka yi a farkon ƙarni na 20, amma an daɗe da sauya hanya. Ka duba Joya de Cerén a El Salvador, ƙauyen manoma da tokar aman wuta ta binne wajen ƙarni na 7, wanda aka gano a 1976, Payson Sheets ya tona shi. A can an ga kwanuka da sauran abinci a ciki, da wuƙaƙen baƙin dutse a soke cikin jinka, da kunyoyin masara da rogo. Sai dai ni ina ganin ba za a fahimci talaka ba in an ƙi tona fada, domin a fada ake ganin inda guminsa ya tafi. Zanen bangon Bonampak, wani birnin Maya a Meziko, na wajen shekarar 790 ya nuna ƙunshin koko ajiye a gefen karagar sarki, an rubuta adadinsa a jiki. A birnin Cancuén na Gwatemala, a bakin kogin Pasión, an tarar da tarin ɓarɓashin wani koren dutse mai daraja da ake kira jade a wasu gidaje marasa ado kusa da fada, inda ake yanka shi a fara gyara shi, amma kayan adon da aka gama ba a gidajen suke ƙarewa ba. In ba ka tona wuraren biyu ba, ba za ka ga wannan alaƙa ba.

Akwai kuma matsakaita, waɗanda ba sarki ba ne ba kuma talakawa ba. A birnin Copán na Honduras, a unguwar da ake kira Las Sepulturas, William Sanders da David Webster sun tona wani babban gida mai tsakar gida kusan 10 a shekarun 1980. Babban gininsa yana da dakali mai rubutu na ƙarshen ƙarni na 8, an kuma sami mutum-mutumin marubuci riƙe da alkalami da kurtun tawada. A bayansa akwai ƙananan sassa na masu sana'a, har da ɗakin da rufi ya danne kayan aikin katantanwa, da wani sashe da tukwanensa suka nuna baƙi ne daga tsakiyar Honduras. Gida ɗaya ne, amma a cikinsa akwai mai dakalin dutse, akwai mai kwana a ɗakin kara da yaɓe.

Nura:
Na karɓi wannan, Yaya Isuhu, musamman misalin Cancuén. Amma ina nan a kan cewa idan aka zo gyara wuri domin masu yawon buɗe ido, fadar ake tayarwa, gidan mai yankan dutse kuma a mayar masa da ƙasa.

Malama Sa'adatu:
Haka ne, kuma tayarwar ma tana da nata haɗari, domin abin da aka sake ginawa yakan zauna a idon mutane kamar tabbas. Hasumiyar fadar Palenque mai hawa 4, wadda ke cikin kowane hoto, samanta sake gina shi aka yi a tsakiyar ƙarni na 20. A Copán akwai ginin da aka yi wa ado da zanen tabarma, wanda Barbara Fash da abokan aikinta suka fassara da gidan majalisa, suna ganin an gina shi ne bayan sarkin maƙwabcin birni Quiriguá ya kama sarkin Copán ya kashe a 738, lokacin da sarauta ta yi rauni har ta buƙaci jawo manyan gari a jiki. Fassara ce mai ma'ana, kuma na karkata gare ta, amma akwai masana da ba su yarda da ita ba, kuma mai ziyara ba ya jin wannan saɓani, sunan kawai yake gani a allo.

Game da tambayar Malam Habu ta biyu, Cancuén ce amsarta. Birnin ba shi da manyan dalolin ibada irin na Tikal, ƙarfinsa duk a fada aka zuba shi. Sarki Taj Chan Ahk, wanda ya yi mulki a rabin ƙarshe na ƙarni na 8, ya faɗaɗa ta har ta kai ɗakuna kusan 200 da tsakar gida 11, kuma ba a gane girmanta ba sai wajen shekarar 2000, lokacin da Arthur Demarest da Tomás Barrientos suka fara aiki a wurin, saboda daji ya rufe ta har ana ɗaukar ta tudu ne. Birni ne na kasuwanci a daidai inda kogin ke fara ɗaukar kwalekwale, kuma yawan ɗakunan karɓar baƙi ya dace da sarkin da ikonsa ya dogara ga ƙulla hulɗa da fatake da manyan wasu garuruwa. Saboda haka fadar Cancuén da ta Palenque da ta Tikal ba abu ɗaya ba ne, kowace ta bi irin sarautar da ta gina ta.

Ƙarshenta kuma a cikinta aka karanta shi. A 2005 an tona wani tafki da aka gina da dutse a bakin ƙofar fadar, aka sami ƙasusuwan mutum 31, maza da mata da yara, da kayan adonsu a jikinsu, an kashe su wajen shekarar 800. Ƙwararrun Gwatemala da suka saba tono kaburburan yaƙin basasar ƙasar su ne suka duba ƙasusuwan. Sarki na ƙarshe, Kan Maax, an same shi a wani kabari marar zurfi can kusa, da adonsa na sarauta.

Hajiya Rabi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har da yara. Abin da ya tsaya mini shi ne ba a cire musu adon ba, wanda ke nuna ba ganima aka zo nema ba, gidan aka zo shafewa.

Alhaji Ɗanlami:
Akwai makamancin wannan da na gani a zanen taswirar Dos Pilas, maƙwabciyar Aguateca, wadda sarautarta ta faɗi a 761. Mutanen da suka rage sun ɓamɓare duwatsun fuskar fada da na ɗakunan ibada suka yi ganuwa da su cikin gaggawa, babu kwaɓi, har ta bi ta kan matakala mai rubutun tarihin sarakunansu. Duk wanda ya taɓa sassaƙa dutse ɗaya ya daidaita kusurwarsa ya san ba a rushe irin wannan aiki sai tsoro ya kai maƙura. Malama, ina da tambaya a kan Aguateca. Kin yi mana bayanin gidajen fadawa, amma ba ki ce komai a kan gidan sarkin kansa ba. Shi me aka samu a ciki?

Malama Sa'adatu:
Alhaji, ranka ya daɗe, kusan babu komai, kuma wannan rashin shi ne labarin. Ɗakunan rukunin fadar an same su a share, babu tulu babu dutsen niƙa, alhali gidajen fadawa da ke 'yan taku kaɗan daga nan cike suke da kaya. Abin da masu tonon suka fahimta shi ne, sarki da iyalinsa sun fice tun kafin harin ƙarshe, da shiri, suka kwashe abin da za su iya, fadawa kuma suka tsaya tsaron gari har wuta ta cim musu. Da a ce fadar kaɗai aka tona, da sai a ce babu wanda ya taɓa zama a cikinta, wato irin zaton da Malam Habu ya fara da shi.

Ɗaki ɗaya ne ya fita dabam, a ƙarshen gabas na ginin da ake kira M7-22. An tara kaya a ciki aka toshe ƙofarsa da gini. Akwai abin rufe fuska na yumɓu mai sirantaka ƙwarai wanda ake sawa a bikin sarauta, da ƙananan ganguna, da madubi, da ƙasusuwa masu sassaƙa, da tukwane. Kaya ne na wanda ke da niyyar dawowa. Maharan sun fasa ɗakin, sun warwatsa wasu kayan a bakin ƙofa, suka sa wuta, sannan suka zuba tarin fasassun tukwane da tarkace a kan wasu sassan fadar, abin da ake fassarawa da kashe ikon gidan a al'adance.

Malam Habu:
Malama, sarkin da ya fita ɗin an san sunansa, kuma akwai alamar ya dawo?

Malama Sa'adatu:
Sarki na ƙarshe da rubutun Aguateca ya ambata shi ne Tahn Te' K'inich, kuma babu alamar wani ya sake zama a fadar bayan gobarar, domin birnin ya watse ba da jimawa ba. A babban dandalin garin akwai wani ɗakin ibada, L8-8, da aka bari ana tsakiyar gininsa. Fuskarsa ta gaba an jera mata sassaƙaƙƙen dutse, ta baya kuwa ciko ne tsirara, gangaren da ma'aikata ke hawa da kaya yana nan a jingine da shi, kuma a tsakiyarsa akwai rami a buɗe wanda ake kyautata zaton kabarin sarki aka tanada, ba a sa kowa a ciki ba.